Tsohon tarago da sabon katako: ina iyakar gyara take?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar, kuma na san a cikinmu akwai kafintoci da injiniyoyi da masu ilmin adana kayan tarihi, shi ya sa na kawo ta gabanku. Kamar yadda wasunku suka sani, shekara biyu ke nan ina zuwa aikin sa kai a rumfar gyaran taragai ta wani tsohon layin dogo a nan Ingila, irin layukan nan da aka rufe tun da daɗewa, masu sha'awa suka haɗa kuɗi suka farfaɗo da su, suna ɗaukar baƙi da jirgi mai aiki da kwal da tururi. A ɓangarenmu ba a biyan kowa, in ban da mutum biyu da ke jagorantar aikin.

Taragon da muke kai na katako ne, mai ƙafa huɗu da ɗaki biyar, kowane ɗaki da ƙofarsa ta dama da ta hagu, kuma tun zamanin Sarauniya Biktoriya aka ƙera shi. Da kamfanin jirgin ya gama cin moriyarsa, sai aka raba shi da ƙafafunsa da shasinsa, aka sayar da bodin, ya zauna a wata gona shekaru aru-aru, da farko mutane ke kwana a ciki, daga baya kaji suka gaje shi. Ranar Asabar muka cire allunan ƙasa na gefen da ya fuskanci ruwa da iska duk tsawon zamansa a gonar, domin mu duba dogon katakon gindi wanda dukkan ginshiƙan bango suke tsaye a kansa. Daga waje lafiya lau yake, har da sauran fenti. Na ɗora bakin sukundireba na ɗan danna, sai kawai ya nutse har mariƙi, ya fito da wani jan gari mai danshi. Muka bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, kusan kowanne ya ruɓe daga ƙasa kimanin taƙi guda, amma daga nan zuwa sama garau yake kamar jiya aka fere shi.

Nan take muka rabu biyu. Wasu suka ce a kwance gefen gaba ɗaya a ƙera sabo bisa awon tsohon, tun da ya fi sauri kuma ya fi ƙarko. Wasu suka ce a yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai a yi wa kowane ginshiƙi ƙari. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga sabo, amma wani dattijo da ya fi shekara talatin a rumfar ya ce mini in haka za a yi, gara mu ƙera sabon tarago mu daina kiransa tsoho. Mene ne ra'ayinku?

Malam Kafinta:
Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Allah ya yi wa wannan dattijo albarka, domin ya riga ni faɗa. Katakon gindin da ka ce sukundireba ya shige shi ya riga ya tafi, babu mai jayayya a kansa, kuma duk wanda ya ce a cusa masa gam a rufe da fenti, kitso da kwarkwata yake so a yi. Amma ginshiƙin da ya ruɓe taƙi ɗaya daga cikin tsawon da ya fi mutum, ban ga dalilin jefar da shi ba. A yanke shi a karkace, yankan ya yi tsawo kamar ninki takwas na kaurin katakon ko fiye, a fere sabon guntu da irin wannan karkatar, a haɗa fuska da fuska da gam mai kyau, a ɗaure har ya kama. In an yi shi yadda ya kamata, wurin haɗin ba zai zama shi ne raunin ginshiƙin ba. Abin da ke ɓata irin wannan ƙarin shi ne gaggawa: mutum ya yi gajeren yanka don ya huta, ko ya tsaya bai kai ga lafiyayyen katako ba saboda tausayi.

Kuma ka tuna cewa katakon da ke hannunku ba irin na yau ba ne. Itatuwan da aka sare a wancan zamani sun girma a hankali, ƙwayarsu a matse take, sannan an bar su sun bushe a natse kafin a taɓa su. Ko da kuɗinka a hannu, da wuya ka sami kamarsa.

Injiniya Abu Hafsat:
Malam, ina girmama hannunka, amma akwai abin da nake so a sa a ma'auni. Wannan ba kujera ba ce da za a ajiye a ɗaki, tarago ne da za a zuba wa mutum hamsin, a ja shi, a taka masa birki, a haɗa shi da wani taragon da ɗan ƙarfi, kuma a riƙa rufe ƙofofinsa goma da bugu sau ɗaruruwa a kowane mako na lokacin baƙi. Gaskiya ne yawancin waɗannan layuka ba sa wuce gudun mil 25 a awa, amma hukumar da ke sa ido a kan lafiyar jiragen ƙasa a Birtaniya tana sa ido a kansu su ma, kuma ba ta karɓar tsufa a matsayin uzuri. Ginshiƙin tsakiyar bango ya sha bamban da ginshiƙin da ƙofa ke rataye a jikinsa, ya kuma sha bamban da na kusurwa. In a ce ƙari ɗaya ne ko biyu, ba ni da magana. Amma a jera ƙari a kan layi guda daga wannan kusurwa zuwa waccan, duka a tsayi ɗaya, wannan kam ba zan sa hannu a takardarsa ba sai na ga lissafi.

Baban Zainab, ina da tambaya: a kan wane shasi za ku ɗora shi, tun da ka ce nasa ya tafi?

Baban Zainab:
Injiniya, shasin ƙarfe ne na wani tsohon taragon ɗaukar kaya, an riga an rage masa tsawo ya yi daidai da bodin. Ba mu muka fara wannan dabarar ba. Layin da ke tsibirin Wight a kudancin Ingila, wanda rumfarsa take a Havenstreet, ya yi suna da ita: sun kwaso bodin taragai da dama waɗanda mutane suka mayar ɗakunan kwana da bukkokin bakin teku, suka ɗora su a kan shasin taragan kaya, ga su nan yau suna ɗaukar fasinja.

Injiniya Abu Hafsat:
To, ka ga inda maganar take. Shasin ba nasa ba ne, ƙafafun ba nasa ba ne, birkin ba nasa ba ne, kujerun ma na tabbata sababbi za ku yi tun da kaji ba su bar muku komai ba. Ashe tun kafin a zo kan ginshiƙai an riga an wuce wurin da dattijonku yake tsoro. Ban faɗi haka don in rage darajar aikin ba. Nufina shi ne duk taragon da zai yi tafiya da mutane dole ya karɓi sabon abu, kuma haka aka yi masa tun yana hannun kamfaninsa. A wancan lokacin ana shigar da tarago ma'aikata bayan 'yan shekaru, a sauya duk abin da ya gaji ba tare da wani ya zubar da hawaye ba. Ba mamaki wasu daga ginshiƙan da kuke kira na asali su ma gyara ne na wani kafinta da ya zo daga baya.

Maman Sadiq:
Sallama gare ku duka. Injiniya, hujjarka tana da ƙarfi, amma ina ganin ta juya ta sare ka. In har shasi da ƙafafu da kujeru duk baƙi ne, to bangon nan shi ne kaɗai abin da ya rage wanda ya ga zamanin Biktoriya da idonsa. Wanda ya rasa da yawa ai shi ya fi cancanta ya riƙe ɗan abin da ya saura, ba ya ƙara da shi ba. Na yi shekaru ina aiki a gidan adana kayan tarihi, kuma abin da na koya shi ne tsohon abu shaida ne, ba siffa kawai ba. Sabon ginshiƙi zai iya ɗaukar awon tsohon daidai wa daida, amma ba zai ɗauki sawun zarton da aka yanka shi da shi ba, ko ramukan ƙusoshin da ke nuna inda wani allon talla ko ragar kaya ta taɓa zama, ko lambar da aka buga a jikinsa.

Akwai hanyoyi biyu da aka sani, kuma kowacce da wurinta. A babban gidan tarihin jiragen ƙasa da ke York akwai taragon Sarauniya Biktoriya na 1869, da kayan cikinsa na alharini, ba a ɗaukar kowa a cikinsa, ana kiyaye shi ne daga haske da danshi da hannun mutane. Wannan hanya ɗaya ke nan. Ɗayar ita ce ta layin Talyllyn a Wales, wanda shi ne layi na farko a duniya da masu aikin sa kai suka karɓa suka ci gaba da gudanarwa, tun 1951, kuma taragansa na asali na wajen 1866 suna nan suna fita da fasinja. Babu mai cewa ba a taɓa sauya musu katako ba. Abin da nake nema daga masu bin hanya ta biyu shi ne su rubuta abin da suka yi. Ƙungiyar layukan tarihi ta Turai ta amince da wata yarjejeniya a 2005, wadda ake kira Yarjejeniyar Riga, kuma cikin abin da ta nanata har da ajiye cikakken bayanin duk aikin da aka yi wa abin tarihi. Baban Zainab, kun ɗauki hoton gefen nan kafin ku cire allunan? Kun sa wa kowane allo lamba?

Baban Zainab:
Maman Sadiq, kin taɓa ni a inda yake ciwo. Hoto mun ɗauka, amma lamba ba mu sa ba sai da muka cire allo na huɗu, kuma ni ne na yi wannan gangancin, domin ɗoki ya ɗebe ni ina son ganin abin da ke ƙasa. Yanzu akwai allo uku a jingine da muke gardamar wanne ne na wane ɗaki.

Maganar shaida kuwa, na gani da idona. A watan jiya wata baiwar Allah da ke aikin fenti ta zauna da samfefa mai laushi da ruwa, tana goge wata ƙofa a hankali, shafi bayan shafi. Ta wuce koren fentin da mai gona ya shafa, ta wuce wani baƙi, ta wuce wani ruwan ƙasa, sai ga lamba 3 ta fito da ruwan zinariya da inuwarta, alamar ɗakin masu tikiti mai daraja ta uku. Kwana biyu ta yi a kan wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. Duk rumfar aka ajiye kayan aiki aka zo kallo. Da an ƙone fentin da wuta kamar yadda wani ya so a yi don a yi sauri, da ba mu san siffar lambar ba, balle launin da za mu mayar wa taragon. Haka kuma a gefen wata taga, irin wadda ake saukarwa da ɗagawa da ɗamarar fata, muka ga lambar wani taragon dabam a buge, wato tun a hannun kamfanin an ara masa ita daga ɗan'uwansa. Wannan ya gaskata Injiniya, ya kuma gaskata ki.

Ɗan Autan Zaure:
Ina neman afuwar manya, ni tambayata ta ɗan kauce amma tana kan batun. Me ya sa ake kashe shekaru a kan akwatin katako mai ɗaukar mutum hamsin, alhali na karanta cewa yawancin waɗannan layuka da taragan ƙarfe suke samun kuɗinsu, waɗanda hukumar jiragen Birtaniya ta fara ƙerawa a 1951? In masu aikin kaɗan ne kuma ba biyansu ake yi ba, ba gara a zuba ƙarfinsu a kan abin da ke kawo kuɗin shiga ba? Ina tsoron kada a gama wannan bayan shekara goma a tarar kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Injiniya Abu Hafsat:
Ɗan Auta, tambayarka ita ce ake yi a kowane taron shugabannin irin waɗannan layuka. Gaskiya ne taragan ƙarfen nan su ne jakunan aiki, domin lokacin da layukan suke tasowa su ne ake samu da yawa kuma da araha. Amma kada ka ɗauka ba su da nasu ciwon. Yanzu sun haura shekara sittin, ruwa yana shiga ta gefen tagogi ya gangara ta ciki, tsatsa ta cinye ƙasan bango da ginshiƙan ƙarshen tarago, waɗanda su ne kariyar fasinja in an yi karo. Gyaransu aikin mai walda ne da mai lanƙwasa ƙarfe, ba na kafinta ba. Wasunsu kuma an cusa musu asbestos a bango don riƙe ɗumi, abin da aka haramta gaba ɗaya a Birtaniya a 1999 saboda ƙurarsa na lalata huhu, kuma ba a barin ɗan sa kai ya taɓa shi, sai kamfani mai lasisi. Don haka mutumin da ya iya fere katako ba lallai ya amfane ka a kan taragon ƙarfe ba.

Maman Sadiq:
In ƙara a kan na Injiniya: ɗan sa kai ba ma'aikaci ba ne da za a ce masa bar nan koma can. Abin da yake so ne ya fito da shi daga gidansa ranar hutunsa cikin sanyi, in ka raba shi da shi sai ya zauna a gida, ka yi biyu babu. Sannan tsofaffin taragan suna jawo irin nasu baƙin. Layin Bluebell a kudancin Ingila, wanda ya fara aiki a 1960, ya sayi wasu taragai huɗu na katako na kamfanin Metropolitan, wanda ya fara jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, ƙirar 1898 zuwa 1900, a lokacin da ba wanda yake ganinsu da daraja, domin su ne masu araha. Bayan an gyara su a rumfarsu ta Horsted Keynes, su ne aka ara aka kai Landan a 2013 lokacin bikin cikar jirgin ƙarƙashin ƙasa shekara 150, suka bi ramin da fasinja a bayan kan jirgi mai tururi. A wannan bikin har da wani tarago na 1892 wanda shi ma ya daɗe a ajiye ba ƙafafu, aka gyara shi a ma'aikatar Boston Lodge ta layin Ffestiniog a Wales. Masu shirya finafinan tarihi ma irin waɗannan suke nema su biya haya.

Malam Kafinta:
Ku bar ni in dawo da ku kan katako, domin nan ne nake da abin faɗa. Baban Zainab, ka ce ruɓar daga ƙasa take, amma ina roƙonka ka ɗaga kai ka duba sama. Ruwan da ya kashe gindin ba daga ƙasa kaɗai ya fito ba. Rufin irin wannan tarago alluna ne aka jera aka lulluɓe da zane mai kauri kamar tamfol, aka shafe shi da fenti, kuma da zarar zanen ya tsage, ruwa zai bi ta bayan allunan bango ya gangara ya taru a ramin da harshen ginshiƙi ya shiga cikin katakon gindi. Wurin nan kamar ƙoƙo yake, ruwa na shiga ba ya fita. In kun gyara ƙasa kun bar sama, bayan 'yan shekaru za ku sake kwance abin da kuka ɗaura.

Abu na biyu shi ne ƙarfen da ke cikin katakon. A kowace kusurwa za ka tarar da ƙarfe mai siffar gwiwa da notuna da ke riƙe ginshiƙi da gindi. In katakon irin mai tsami ne kamar oak, to shi da baƙin ƙarfe ba sa ga maciji in danshi ya shiga tsakaninsu: katakon zai yi baƙi kewaye da notin, notin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga katakon ta ciki. Sau da yawa za ka ga ginshiƙi lafiyayye amma a tsage daidai wurin noti. Wannan ma ka duba shi kafin a yanke hukunci, domin tsagar na iya hawa sama fiye da inda ruɓar ta tsaya.

Baban Zainab:
Malam, kamar kana wurin. Baƙin tabon nan yana kewaye da kowane noti, kuma biyu daga cikinsu da muka zaro sun sirance a tsakiya kamar an tauna su. Rufin kuwa mai gona ya ɗora masa kwano a wani lokaci, wanda shi ne ma ya ceci saman taragon, amma kwanon bai sauko ya kare gefen ba. Game da irin katakon, ginshiƙan teak ne, gindin kuma oak. Nan ma akwai wata matsalar, domin teak mai kyau daga ƙasar Bama (Myanmar) yake fitowa, kuma tun bayan juyin mulkin da aka yi a can a 2021 takunkumi ya hau kan cinikinsa, ga tsada. Abin da rumfuna da yawa ke yi shi ne neman tsohon teak da aka ciro daga wasu gine-gine, kamar teburan ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu, ko kuma su koma ga itatuwan Afirka irin su iroko da sapele. Muna da ɗan tsohon teak a ajiye, zai isa ƙari, amma ba zai isa sababbin ginshiƙai na gefe guda ba.

Malam Kafinta:
To ai katakon da kansa ya raba gardama. In kuka ce sabo, za ku cire teak ku sa abin da bai kai shi ba, wato gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun da fenti za ku shafa a kai, bambancin launi ba zai dame ku ba. Da irin taragan tsohon kamfanin jirgin ƙasa na LNER ne, na zamanin babban injiniyansa Gresley, waɗanda ake barin teak ɗinsu a fili ana shafa masa man sheƙi shafi a kan shafi, kamar jerin da ke layin Severn Valley, da sai an zauna zaɓen katakon da ƙwayarsa ta dace da maƙwabcinsa.

Injiniya Abu Hafsat:
Na yarda da Malam a kan ginshiƙan tsakiya, da sharaɗin kada a jera wuraren haɗin a tsayi ɗaya, a sassaɓa su. A kan na ƙofofi da na kusurwa ina nan a kan bakana, kuma ga dalilina. Ƙofar irin wannan tarago waje take buɗewa, babu wani abu tsakanin fasinja da ƙasa sai makullinta, kuma makullin a jikin ginshiƙi yake kamawa. In ginshiƙin ya motsa ko da kaɗan, ƙofar za ta yi kamar ta rufu alhali ba ta kama ba.

Dokokin nan da muke gani kamar takura ba daga sama suka faɗo ba. A 1889 a Armagh, a arewacin Ailan, an raba wani jirgin yawon shaƙatawa na 'yan makaranta a kan gangare, taragan baya suka gangaro suka yi karo da jirgin da ke biye, mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. A wannan shekarar majalisa ta yi dokar da ta tilasta birki mai bin dukkan jirgin fasinja kuma mai kama kansa in jirgin ya tsinke. Shi ne birkin da za ku sa wa naku: kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun da ya ratsa taragai, muddin bututun babu iska birki a sake yake, da zarar iska ta shiga, ko direba ne ya buɗe mata ko bututun ne ya tsinke, sai birki ya kama a kowane tarago. Haka nan fitilun gas da irin wannan tarago ya yi amfani da su: a Quintinshill da ke Scotland a 1915 gas ɗin da ke ƙarƙashin tsofaffin taragan katako ya taimaka wa wutar da ta tashi bayan karo, mutum fiye da 200 suka hallaka. Shi ya sa za ka ga an mayar da kwanon fitilar yadda yake a da, amma ƙwan lantarki ne a ciki. Ban taɓa jin mai kishin asali ya ce a dawo da gas ɗin ba.

Maman Sadiq:
Ba zan ce a dawo da shi ba, Injiniya, kuma a kan ginshiƙan ƙofa na sallama maka. Sharaɗina biyu ne. Na farko, duk wanda aka cire kada a kai shi murhu ko a yanka shi a yi abin tsaraba, a rubuta masa lamba da wurin da ya fito a ajiye shi a inuwa. Na biyu, kowane sabon katako a buga masa shekarar da aka sa shi a fuskar da ba a gani, domin wanda zai buɗe bangon nan gaba kada ya yi ta gardamar da kuke yi yau. Kuma Baban Zainab, ka gaya wa mai goge fentin nan ta ci gaba da yi da ruwa, ta kuma rufe hanci, domin fentin wancan zamani akwai dalma a cikinsa.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya yi: in kun gama, ina zai kwana? Na sha ganin taragon da aka yi wa shekaru ana gyara, aka fito da shi yana ƙyalli, aka bar shi a fili saboda babu rumfa, rana ta fasa fentin gefe ɗaya, ruwa ya sami hanya. Neman gudummawar gina rumfar ajiya ya fi neman ta gyaran tarago wuya, domin ba wanda yake ɗaukar hoto a gaban rumfa.

Baban Zainab:
Akwai wuri a rumfar ajiya, amma sai an fitar da wani taragon kaya an lulluɓe shi da tamfol, kuma masu wannan taragon ba su san da maganar ba tukuna. Zan kai duk abin da kuka faɗa ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Baban Zainab:
Jama'a, na dawo da labari. Mun kankare ginshiƙan gefen duka har inda katako ya fara ƙara mai kyau in an ƙwanƙwasa. Kamar yadda Malam ya yi hasashe, uku daga cikinsu tsagar noti ta haura sama da ruɓar, ɗaya ma har kusan gindin taga. Shugaban rumfar ya yanke cewa katakon gindi sabo za a yi, da ginshiƙan kusurwa biyu, da duk ginshiƙin ƙofar da makulli ke kamawa a jikinsa. Sauran ƙari za a yi musu da tsohon teak ɗin da ke ajiye, a sassaɓa tsayin haɗin. Dattijon nan bai ji daɗin na kusurwar ba, ya ce ɗaya daga cikinsu zai ɗauki ƙari, kuma har muka tashi bai sauka daga wannan ra'ayi ba, amma shi ne ya karɓi aikin fere na farko. Ni kuma an ɗora mini littafin lambobi da hotuna, wanda na ɗauka hukuncin alluna ukun nan ne. Biyu mun gano wurinsu ta hanyar daidaita ramukan ƙusa, na ukun har yanzu yana jingine.

Malam Kafinta:
Madalla. Sabon katakon gindin in ya iso kada ku taɓa shi da zarto a makon, ku ɗora shi a kan 'yan sanduna a cikin rumfar, iska na ratsa shi ta ko'ina, ya saba da wurin, ku riƙa auna danshinsa har ya daina sauka. Ramukan da harsunan ginshiƙai za su shiga kuma ku shafe cikinsu da fenti kafin haɗawa. Allo na ukun, ka juya bayansa ka haska fitila a karkace, sau da yawa kafintocin da sukan yi alama da fensir ko su ja layi da bakin wuƙa. In dattijon ya fere ƙarin farko, ka ɗauko mini hotonsa a haɗe kafin a sa gam, ta gefe, yadda zan ga ko haske na ratsa tsakani.